Jega, Aliero da Maiyama: Garuruwan da Kasuwa da Hanya Suka Raina

Duk motar da ta taso daga Legas ta biyo babbar hanyar Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko za ta Sakkwato, sai ta ratsa Maiyama, ta shiga Jega, ta wuce Aliero kafin ta kai Tambuwal. A cikin Jega kuma wata hanyar ta ɓalle arewa maso yamma zuwa Kalgo da Birnin Kebbi. A takardun gwamnati waɗannan ƙananan hukumomi uku ne, kowace da shugabanta da kasafinta. A wurin manomi da ɗan kasuwa da direba kuwa yanki ɗaya ne, Jega ce cibiyarsa. Ƙidayar 2006 ta nuna Jega na da mutane kusan dubu 200, Maiyama sama da dubu 170, Aliero sama da dubu 65, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin.

Kowane babban gari da abin da ya ɗaga shi. A Ingila an daɗe ana auna matsayin gari da babban cocin da bishop ke zaune a cikinsa. Shi ya sa Wells, mai mutane kimanin dubu 12, take cikin jerin birane har gobe, alhali Birmingham, da duk masana'antunta, ba ta shiga jerin ba sai 1889. A ƙasar Kabi ma haka abin yake. Gwandu ta yi suna da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da karatu. Argungu ta riƙe gadon sarautar Kabawa. Birnin Kebbi ta samu fadar Sarkin Gwandu daga 1906, sannan ta zama mazaunin gwamna da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Jega ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kasuwa ce ta gina ta, kuma waɗanda suka kafa ta mutane ne da aka ci da yaƙi.

Daga Gimbana zuwa Jega

Labarin ya faro ne da Malam Abdussalami, Bahaushe Ba'are, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da zama ya yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da sarautar Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya zauna a Gimbana, a wannan yanki na Gulbin Zamfara. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa garin, suka kama mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, jama'arsa suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar.

Bayan nasara, an ba Abdussalami Sabiyal, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Aliero. Shi kuwa yana ganin rabon bai kai gwargwadon wahalar da ya sha ba. Daga baya aka mayar da shi Kware, kusa da Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817, saɓani ya fito fili tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta yadda abin ya gudana a littafinsa Sard al-Kalam. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu suka ci gaba da turjiya, har Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki. A nan ne Bello da Abdullahi suka daidaita saɓanin da ke tsakaninsu.

Bayan wannan ne ɗan Abdussalami, Buhari, ya yi sulhu da Gwandu, aka bar shi ya kafa Jega a farkon shekarun 1820. Ba shi ne Buharin Tambuwal ba, wancan ɗan Shehu ne. Zuriyar waɗannan mutane su ne Gimbanawa, kuma mai riƙe da garin shi ne Sarkin Kabin Jega, ƙarƙashin masarautar Gwandu.

Zamanin fatake

Mutanen da aka rufe wa ƙofar mulki sai suka buɗe ta ciniki, wurin zaman nasu kuma ya taimake su. Gulbin Zamfara, wanda a nan ake kira Gulbin Gindi, ya ba su ruwa da fadama da kiwo. Gangarawa kaɗan ya haɗe da Gulbin Kabi, wanda ke zuba a Kwara. Ta nan kuma hanyar Gwanja ta bi. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fata da dabbobi, madugu na gaba, su sauka Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su dawo da goro. Tafiyar kan ci watanni, ayari kuwa ba ya rayuwa sai da zango mai aminci, inda za a sami hatsi da ciyawar jakuna, da fatoma mai sauke baƙi, da dillalin da ba zai ci amana ba.

Jega ta samar da wannan a lokacin da yankin bai zauna lafiya ba, domin Kabawan Argungu da Gwandu sun shafe shekaru suna gwabzawa. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da matafiyi Bajamushe Barth ya sauka Gwandu a 1853, kasuwar Jega ta riga ta yi suna a yammacin daular. Abin da ya riƙe ta shi ne baƙo na samun masauki, dukiyarsa kuma ba ta salwanta.

Hanyar Gwanja ba ta dawwama ba. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, Turawa suka yanka iyakoki, layin dogo ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas da jirgin ƙasa zuwa Arewa. Garuruwa da yawa da suka ci da ayari sun koma ƙauyuka. Jega ta tsira ne saboda hanyar mota ta sake biyowa ta kanta.

Unguwanni da garuruwan gefe

Sunayen mazaɓun garin suna nuna tsarinsa: Firchin da Kokani da Magaji a cikin gari, sai Kimba da Gindi da Alelu da Dangamaji da Katanga da Jandutsi a kewaye. Tsohon garin Hausa yakan taru ne a kan fada da masallacin Juma'a da kasuwa, baƙi su sauka a gefe. Da kwalta ta zo, sai nauyin gari ya karkata wajenta. Tasha da gidajen mai da shaguna da ɗakunan ajiya suka jeru a bakin titi, sababbin unguwanni suka bi su a baya, galibi a kan gonakin da aka yanka fuloti. Kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha da ke Jega ita ma ta jawo ɗalibai da gidajen haya. Garin 'yan kasuwa ya kuma fitar da 'yan boko, irin su Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero, sannan hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015.

Aliero ta yi fice da abu uku. Na farko albasa, wadda ake nomawa da rani a kai ta Legas da Onicha da Fatakwal har da ƙasashen maƙwabta. Matsalarta ajiya. Kowa kan cire a lokaci guda, farashi ya faɗi. Wanda ya ajiye a rudu yana jiran tsadar damina kuwa, zafi da laima kan ruɓar masa da kaso mai yawa. Na biyu ɗori, sana'ar gado da ke kawo masu karaya da targaɗe daga nesa. Na uku jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, wadda ta sauya darajar fili da haya a garin.

Maiyama ita ce rumbun yankin. Daga Andarai da Mungadi da Sambawa da Karaye da Kawara ake fito da gero da dawa da shinkafa da dabbobi, kuma mai neman babban ciniki a cikinsu Jega yake dosa.

Abin da ke gaba

Girma ba tare da tsari ba yana da farashi. Fadama wurin kwanciyar ruwa ce idan gulbi ya cika. In aka cike ta da gini, ko aka toshe magudana da shara, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi gidajen mutane. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Kebbi, ta nuna irin asarar da ake magana. Haka nan titin da manyan motoci ke gudu a kansa shi ne ya zama kasuwa da tasha da hanyar 'yan makaranta.

Sannan ga sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, wadda za ta ratsa jihar Kebbi. Duk inda ta bi, za ta sauya lissafin garuruwan da ke ci da matafiya, kamar yadda layin dogo ya yi wa zangunan fatake. Garin da dogaronsa shi ne a bi ta cikinsa yana cikin haɗari. Wanda ake zuwa takanas domin abin da yake da shi ne ke da tabbas.

Don haka aikin da ke gaban ƙananan hukumomin uku na haɗin gwiwa ne, domin gulbi ɗaya da titi ɗaya da kasuwa ɗaya suke amfani da su. Suna bukatar taswira guda da za ta keɓe fadama daga gini, ta ware wa manyan motoci wurin tsayawa a wajen gari. Jami'ar Aliero na da injiniyoyi da masana noma a tsakiyar gonakin albasa, kuma babu binciken da zai fi amfanar maƙwabtanta kamar ɗakin ajiya mai iska da rahusa wanda ƙaramin manomi zai iya ginawa. Injinan casar shinkafa da na busar da albasa a yankin za su sa riba ta zauna gida maimakon a loda ta a tirela. Tarihin Gimbanawa da na hanyar Gwanja kuma yana hannun dattawa da takardun gidajen malamai. Ya kamata fadar Sarkin Kabin Jega da jami'a su tattara shi a rubuce tun masu riƙe da shi suna raye, a kuma shigar da shi darasin makarantun yankin.