Safar hannu ɗaya, gadaje ashirin

Akwai cutar da mutum ba ya zuwa da ita asibiti, a kan gadon asibitin yake ɗaukarta. An kwantar da shi saboda karaya ko tiyata, bayan 'yan kwanaki ɗinki ya fara ruwa, zazzaɓi ya taso, dangi su ce tsautsayi ne. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 15 kan kamu da wata cutar kafin a sallame su. A ƙasashe masu arziki 7 ne.

Kowa na da hannu a wannan ɓarna, har manyan likitoci. Amma yau da atenda da masu shara da masu wanki da masu tura keken marasa lafiya nake magana, domin su suka fi kowa taɓa kayan ɗaki, kuma su ne ba a cika koya wa komai ba. Ranar da aka ɗauke su aiki, tsintsiya da bokiti aka miƙa musu aka ce bismilla.

Dubi yadda ake yi da safar hannu. Baiwar Allah ta sa ta tun safe, ta ɗauke fon mai gudawa ta zubar, ta dawo ta gyara wa na kusa zanin gado, ta ja ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa, wayarta ta yi ƙara ta ɗauka, ta murɗa hannun ƙofa. A ganinta ta kare kanta. Fatar hannunta kam ta tsira, amma abin da ke cikin fon nan ya zagaye ɗakin. Inna, safa ta aiki ɗaya ce a jikin mutum ɗaya. In an gama a cire, a jefar, a wanke hannu da sabulu. Haka ruwan bokiti: wanda aka goge banɗaki da shi ba ya shiga ɗakin haihuwa. Inda jini ko amai ya zuba, a fara kwashe shi, sannan a bi da ruwan kulorin. In bilicin mai ƙarfin kashi 3.5 ne, awo ɗaya nasa, awo shida na ruwa, kuma haɗin yau ba ya kwana.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. Zazzaɓin Lassa a asibiti aka fara gane shi, a 1969, lokacin da wata nas ta kamu a garin Lassa da ke Borno, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ma ta bi ta. A 1970 wata likita a Jos ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta tafi. A Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Kano. Masu ilimin abin ke nan. To ina ga wanda aka tara wa zannuwan gado sharkaf da jini yana cuɗawa da hannu tsirara? Ga shi Lassa da kamannin maleriya ko taifot take farawa, ba wanda zai sanar da kai.

Sai wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa, wadda ta fi ba ni tsoro. Dare ya raba, nas ɗaya ce a ɗaki, mai jinya ya zo wurin atenda: "Baba, don Allah ruwan nan ya tsaya." Baba ya shekara ashirin yana gani ana yi, sai ya murza abin ruwa ya shiga gudu. Ga jariri ko mai ciwon zuciya, gudun nan na iya cika huhu da ruwa. Wani kuma tausayi ne zai sa ya ba wanda ke jiran tiyata kunu, alhali an hana shi ci don kada ya yi amai ya shaƙe bayan an sa shi barci. Sabo turken wawa ne. Ƙarin ruwa, allura da tukunyar iskar oksijin ba aikinku ba ne. Aikinku ku kira nas, ko da za ta yi faɗa.

Ku kuma shugabannin asibiti, laifinku ya fi nauyi. Ana shirya bita a otal da takardun Turanci, mai shara na waje yana goge baranda. Ku koya musu da harshen da suke ji, ku wadata su da safa da takalman roba, ku yi musu rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. Ƙwayar wannan cuta tana kai kwana bakwai a raye cikin busasshen jini.

Allurar da aka yi aiki da ita ba a mayar mata da murfi, ba a jefa ta a leda. Kwalin allurai ne wurinta, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe. Wanda kuwa allura ta soka yana kwasar shara, ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ya faɗa wa babbar nas kafin ya tashi daga aiki. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau, ana shansa kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72.