Ɗorin Dutsen Washi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wanzami ko a rumfar mahauta, ya ga yadda mai sana'a yake tattalin dutsen da yake wasa askarsa ko wuƙarsa a kai, zai fahimci cewa ranar da dutsen nan ya suɓuce ya rabe biyu, ranar baƙin ciki ce. Dalili kuwa, dutsen da Allah Ya halitta a cikin ƙasa, kowanne da ɗabi'arsa, ba lalle ne a sami ɗan'uwansa a kasuwa ba. Ga shi kuma shari'a ta hori mai yanka da ya kaifafa wuƙarsa domin ya sauƙaƙa wa dabba.

To, jefar da irin wannan dutse almubazzaranci ne, alhali kuwa yana ɗoruwa. A ƙasar Beljiyam, inda ake haƙo wani rawayan dutse na wasa aska a yankin Ardennes, da yake jijiyarsa siririya ce, manna shi ake yi a kan allon baƙin dutse don ya yi ƙarfi. Mutanen Japan kuwa sukan dasa nasu a kan katako, su shafe gefunansa da ƙaron wata bishiya don kada ruwa ya ratsa tsagarsa.

Sharaɗi na farko wajen ɗora dutsen da ya karye shi ne tsabta: a wanke bakin karayar, a fitar da maiƙo sarai, a bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu ko uku, domin gam ba ya kama damshi. Sa'an nan a shafa gam mai ƙarfi, irin Araldite da ake gauraya kashi biyu, kaɗan ba da yawa ba, a haɗa ɓarin biyu, a ɗaure da robar tayar keke, a manna gindinsa a kan shimfiɗaɗɗen katako, ya kwana ya yini ba a taɓa shi ba.

Aikin da ya fi bukatar natsuwa shi ne na ƙarshe, wato a shimfiɗa samfefa a kan gilashi, a zuba ruwa, a yi ta goga fuskar dutsen har farce ya wuce ta kan ɗorin bai yi tuntuɓe ba, gama tudun da farce ya ji, bakin aska ba zai yafe shi ba. Ɓarɓashin da ya ƙi haɗuwa ma yana da amfani wajen wasa almakashi da basilla. Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wanda ya yi haƙurin ɗora shi kuwa, jikansa ma zai wasa aska a kai.