Furotin mai kare ƙwaƙwalwa: ina gaskiya, ina ƙari?

Magana ce ke yawo a wayoyi da majalisun hira, daga Gozaki har kasuwar Funtuwa: wai likitoci sun gano wani furotin a cikin jini mai kare ƙwaƙwalwa, don haka a yi ta ɗura wa yara maganin ƙarin jini. Farkon zancen gaskiya ne, ƙarshensa ne aka yi wa gishiri.

Sunan furotin ɗin haftogulobin, hanta ce ke yin sa, kuma tun 1938 Polonovski da Jayle suka gano shi a Faransa. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, kamar yadda ke faruwa ga mai sikila ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, himogulobin da ke cikinsu yakan kwararo. Yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa manta fartanya a gona da damina ya san yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Kwatankwacin wannan cin ne ke lahanta jijiyoyin jini da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Haftogulobin yakan cafke himogulobin, a kwashe su tare a hanta da saifa. A jikin mai sikila kuwa yakan kusa ƙarewa, don aikin ya fi ƙarfinsa.

Amma babu shi a kwalbar tonik, wato maganin ƙarin jinin nan, babu shi a zoɓo ko malta da madara. Ko da haɗiyarsa aka yi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. A Japan ta jijiya ake ba da shi, a asibiti, kuma galibin hujjar cewa yana kare ƙwaƙwalwa daga gwajin dabbobi ta fito. Abin tsoro ma, yaron da ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfe ya riga ya taru a jikinsa, tonik mai ƙarfe sai dai ya ƙara masa.

Abin da aka tabbatar yana nan kusa da mu. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an yi binciken da ya nuna cewa auna gudun jini a jijiyoyin kai, sannan a ba yaron da ke cikin haɗari maganin haidiroksiyuriya, yana rage shanyewar ɓarin jiki ga masu sikila.

Iyaye, kuɗin tonik ɗin nan a yi kuɗin mota da su, a kai yaro mai sikila asibiti a nemi wannan awon.