Wanda Maciji Ya Sara

Hausawa sukan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mukan faɗi wannan muna dariya, amma a cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan'uwa da yawa waɗanda gudun nan ya zame musu hali, har yana cin gidajensu.

Ku tuna da Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, sa'an nan Michika da Mubi a 2014, sa'ad da jama'a suka watse zuwa duwatsu da ƙasar Kamaru. Kirista da Musulmi kowa ya binne nasa. An sāke gina majami'u, an sa musu sabon kwano. Amma yaron da ya kwana a ƙarƙashin gado yana jin harbi a shekara ta 2000, yau magidanci ne mai 'ya'ya, da wuya kuwa a sami wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi abin da idonsa ya gani.

Allah ya yi jikin mutum da ƙararrawa. In haɗari ya zo, zuciya takan buga da sauri, barci ya gudu, jiki ya yi shirin faɗa ko tsira. Ga wanda ya sha babban tashin hankali, ƙararrawar nan takan ƙi yin shiru ko bayan shekaru ashirin. Fashewar taya ko warin hayaƙi ya isa ya mai da shi ranar nan. To, sai ya nemi abin da zai kwantar masa da ita. Wani burukutu, wani tramadol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a 2018. Wani kuwa fushi ne: yaro ya fasa kofi, ya sha dukan da ya fi ƙarfin laifinsa. Akwai ma wanda yake ɓuya cikin aikin ikkilisiya, kowane kwamiti yana ciki, don kada ya zauna shi kaɗai da tunaninsa. Wannan kam yabonsa muke yi.

Ba rikici kaɗai ke jawo haka ba. A wani bincike da aka yi a Amurka daga 1995 zuwa 1997 a kan mutane fiye da 17,000, an ga cewa waɗanda suka tashi cikin duka, ko cin zarafi, ko gidan mashayi, sun fi saura faɗawa shaye-shaye da matsanancin baƙin ciki bayan sun girma.

Kada wani ya ce ina wanke mai laifi. Matar da ake duka, a fara nema mata mafaka kafin a yi zancen ciwon mijinta. Sai dai dattawa su sani, dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji wata shida ba ya taɓa tushen abin. Ku karanta Yohanna 18:18 tare da 21:9. A bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun Ubangijinsa, a bakin wutar gawayi kuma Yesu ya sāke zama da shi. Ya fara ba shi abinci tukuna, sa'an nan ya yi masa tambaya sau uku.

Ɗan'uwa, in kai ne, soma da lura. Duk ran da halin ya taso, rubuta abin da ya riga shi: me ka ji, wa ka gani, wane wata ne? Sau da yawa za ka tarar yana tsananta a watan da abin ya faru. In ka gane tsummanka, shirya tun da wuri abin da za ka yi: fita tsakar gida, ja numfashi a hankali, kada ka ɗaga hannu sai zuciya ta kwanta. Nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri ka ba shi labarin kaɗan kaɗan, ku yi addu'a tare.

In mafarkai sun hana ka barci, ko tunanin kashe kai ya zo maka, akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, zuwa can kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kowace rana, kada ya yanke dare ɗaya ba tare da likita ba, gama hakan yakan kawo jijjiga mai iya kisa.