Ko ka sani? Yadda jirgin ruwa ke ciyar da mutum dubu goma a tsakiyar teku

Ko ka san akwai jirgin ruwan da ke ɗaukar mutum kusan dubu goma a tafiya guda, ya ba kowa makwanci, ya ci da shi, ya shayar da shi har mako guda? Sunansa Icon of the Seas. An ƙera shi a garin Turku na ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miyami na Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga kuma ma'aikata 2,350. Irin waɗannan jirage ba don sauri aka yi su ba. Yawon buɗe ido ake yi da su, a kwana a ciki, gari ya waye an tsaya a wata tashar, a sauka a zaga, da yamma a koma.

Mutumin Ɗan Isa ko Zurmi ko Shinkafi, wanda ruwan da ya fi sani shi ne na kogunan Gagare da Bunsuru, zai iya cewa ina shi ina teku. To, dangantakar ta daɗe. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya ta Gusau, kuma gyaɗa da audugar da aka riƙa lodi a tashar Ƙaura, bakin teku suka nufa. A can Apapa ta Legas a da akwai jirgin fasinja mai suna Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda daga 1951 zuwa 1974 ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa tsakanin Afirka ta Yamma da Ingila, tafiyar kusan mako biyu. Ta gabas kuwa, kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa sun ratsa Chadi da Sudan har Sawakin, daga nan suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda cikin jirgin ruwa. A watan Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin shaƙatawa mai suna Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda, abincinsa na halal, ba a sayar da giya a cikinsa. Ke nan ɗan kasuwa ko mai Umra daga ƙasar Hausa ya kusa fara cin karo da tallan irin wannan tafiya, in ma bai riga ya ci ba.

Me ya hana shi nutsewa?

Ƙusa guda in ka jefa ta a ruwa sai ta nutse, amma jirgin ƙarfe mai nauyin dubban tan yana yawo a sama. Sirrin yana cikin siffarsa. Cikinsa fanko ne mai faɗi, saboda haka yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa tun kafin ya shige ciki da nisa. Duk girman Icon of the Seas, abin da ke ƙarƙashin ruwa bai wuce kimanin mita tara ba. Kayan nauyi, wato injuna da tankunan mai da na ruwa, a can ƙasa ake jera su don kada jirgin ya rinjaya. An kuma yanka ƙasan gida-gida da bangon ƙarfe da ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa, ta yadda in wani sashe ya huje, sauran za su riƙe jirgin.

A gefen kowane babban jirgi akwai wata alama da aka zana, wadda ke nuna iyakar da ruwa zai kai idan an yi lodi. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya dage har aka yi dokarta a 1876, bayan da masu jirage suka yi ta hallaka matuƙa da lodin ganganci. Ruwa ya rufe alamar nan, jirgi ba ya tashi.

Injunan galibin waɗannan jirage ba su ke juya farfela kai tsaye ba. Wutar lantarki suke samarwa, wutar ce ke tuƙa jirgi, ta kunna fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki da murhunan girki. Icon of the Seas injuna shida gare shi, masu iya aiki da iskar gas, kuma gudunsa kimanin kilomita 40 ne a sa'a.

Daga ina ruwan sha ke fitowa?

Ruwa ko'ina, amma ba na sha ba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, na Bahar Maliya ma ya kai wajen 40. Don haka jirgin da kansa yake haɗa ruwansa, ta hanya biyu. Ta farko, a ɗumama ruwan teku da zafin da injuna ke fitarwa har ya zama tururi, sannan a sanyaya tururin ya koma ruwa, gishiri ya tsaya a baya. Duk wadda ta taɓa ɗaga murfin tukunya ta ga ɗigon ruwa a jikinsa ta ga wannan aiki, domin ko miyar ta ji gishiri, ɗigon nan ba ya da shi. Hanya ta biyu, a tura ruwan da ƙarfin famfo ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofin da ruwa ke wucewa gishiri ya kasa. Bayan haka a ƙara masa sinadaran da jiki ke bukata da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan famfon jirgi ruwan sha ne, kuma kyauta ne. Riƙe wannan, zai yi maka amfani idan an zo maganar kuɗi.

Tukunyar da ba ta sauka

Mafi yawan abincin mako guda a rana ɗaya ake lodinsa, ranar da tsofaffin fasinja ke sauka sababbi na shiga. Nama da kifi da kayan lambu da madara, kowanne da ɗakin sanyinsa. Burodi a cikin jirgi ake gasa shi kullum, masu gashi na aiki da dare mutane na barci. Masu sito sun san yawan manya da yara da ƙasashen da suka fito tun kafin jirgi ya tashi, da wannan lissafi suke sayayya, domin in abu ya ƙare a tsakiyar teku babu kasuwar da za a aika yaro.

Wuraren cin abinci iri uku ne. Akwai babban ɗakin da ake zama a kawo maka, akwai inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, waɗannan biyun kuɗinsu na cikin tikiti. Na ukun su ne gidajen abinci na musamman, su sai an biya daban. Wanda bai san bambancin ba yakan shiga na ukun da sakin jiki, sai ranar sauka ya ga lissafi.

Ga Musulmi, a jiragen da ba na ƙasashen Musulmi ba, ana neman abincin halal ne tun lokacin sayen tikiti, makonni kafin tafiya, saboda sai an saya an loda. In ba a samu ba, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar, amma a riƙa tambaya, domin girkin Turawa yakan sa giya a miya, wasu kayan zaƙi kuma akan haɗa su da sinadarin da ake samu daga fata ko ƙashin alade. Tambayar ba abin kunya ba ce, masu hidimar sun saba jin ta. Kafin cin abinci kuma a wanke hannu da sabulu. Akwai wata ƙwayar cutar amai da gudawa da ke saurin yaɗuwa inda aka cunkusu, kuma sabulu da ruwa sun fi man goge hannu tasiri a kanta.

Kuɗin abin sha

A nan kamfanoni ke samun riba mai tsoka. Ruwa da shayi da kofi na gama-gari kyauta ne a mafi yawan jirage. Lemon kwalba da ruwan roba da matsattsen 'ya'yan itace kuwa na kuɗi ne. Sai su tallata maka tsarin biya gaba ɗaya: ka ba da wani adadi a kowace rana, ka sha iya son ranka. Kafin ka amsa, ka san abu uku. Yawanci dole ne ka biya na dukkan kwanakin tafiyar, har da ranakun da za ka yini a gari. Sau da yawa ana ɗora tukuicin ma'aikata na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan farashin. Sannan tsarin da ya fi tsada, tsadarsa ta giya ce, wanda ba ya sha ba shi da abin nema a ciki. Ka duba kuɗin kwalba ɗaya, ka ƙiyasta nawa kake sha a yini, ka gwada da kuɗin tsarin. Mai shan lemo biyu a rana, biya ɗai-ɗai ya fi masa.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ɗaya za a ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka. Kashe kuɗin da ba a gani yana da sauƙi, saboda haka ka riƙa duba lissafinka kowane dare.

Wane ɗaki za a zaɓa?

Ɗakuna hawa-hawa ne: na ciki marar taga, shi ya fi araha; mai tagar da ba ta buɗuwa; mai baranda; sai manyan ɗakuna masu falo. Tsada ba ita ce daɗin barci ba. Igiyar ruwa ta fi ɗaga goshin jirgi da bayansa, hawa na sama kuma ya fi layi. Mai saurin jin jiri ko tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Jiragen suna da wasu fukafukan ƙarfe da ke fitowa daga gefe a ƙarƙashin ruwa su rage tangaɗi, amma ba sa kawar da shi duka. Citta na taimaka wa wasu, haka ma fita sarari a tsayar da ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ka duba taswirar jirgin ka ga abin da ke samanka da ƙasanka, kada ka kwana a ƙarƙashin kicin ko wurin kiɗa. Alƙibla kuma tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, sai a sake duba ta a kowace salla.

Ranar shiga

Ka isa garin da jirgi zai tashi tun ana gobe, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, a tabbatar da bizar kowace ƙasa da za a tsaya, a riƙe katin rigakafin shawara. Manyan akwatuna a bakin tasha ake karɓarsu, ba za su iso ɗaki ba sai bayan sa'o'i, don haka magunguna da takardu da darduma su zauna a jakar hannu. Dutsen guga da hita da kyandir da turaren wuta duk an hana, saboda babu abin da matuƙa ke tsoro kamar gobara. Hajiya ta haƙura da kaskon turare, ta ɗauki na fesawa. Wayar hannu a rufe mata layi idan an bar gaɓa, don kuɗin kira da na intanet a teku na da matuƙar tsada. In an tsaya a wani gari, agogon jirgi ake bi, kuma a dawo kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa.

Jiniya bakwai da doguwa ɗaya

Abu mafi muhimmanci a ranar farko shi ne atisayen ceto. Kowane fasinja yana da wurin taruwa da aka rubuta a katinsa da bayan ƙofar ɗakinsa. Za a nuna masa wurin, a koya masa ɗaura rigar ruwa, a jiyar da shi alamar haɗari: gajeriyar jiniya sau bakwai, sannan doguwa ɗaya. Da rayuka aka sayi waɗannan dokoki. A 1912 jirgin Titanic ya nutse da kwale-kwalen ceto 20 kacal, waɗanda ba za su ɗauki fiye da kusan rabin mutanen ciki ba, sama da mutum 1,500 suka mutu. Daga nan aka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. A 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, a cikin jirgin akwai ɗaruruwan fasinjan da ba a kai ga yi musu atisaye ba. Tun 2015 doka ta ce a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi.

Duk wanda ya shiga ko ya fita sai an ɗora katinsa a na'ura, don haka a kowane lokaci kyaftin ya san mutum nawa ke cikin jirginsa, da sunayensu. Wannan shi ne abin da ya fi cancanta mu ɗauka, ko da ba mu taɓa ganin teku ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a jihar Kebbi ya kife a kogin Kwara da mutane masu ɗimbin yawa. A watan Satumbar 2024 aka yi irin wannan rashi a Gummi, nan jihar Zamfara, manoma ne za su tsallaka zuwa gonakinsu. A irin waɗannan haɗurra sau da yawa akan kwana ana musun adadin waɗanda suka shiga, saboda babu wanda ya rubuta. Allah Ya ji ƙansu.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar ruwa. Cika wannan ba ya bukatar inji ko na'ura. Littafi da biro a hannun sarkin ruwa ko shugaban mafita, layin fenti a gefen kwale-kwale da ke nuna iyakar lodi, da rigar ruwa ga kowane fasinja, sun isa su rage zaman makoki a garuruwanmu. Damina mai zuwa, idan ka je mashaya ka tarar jirgi ya cika ana ta kiran ƙarin mutum, ka tsaya ka jira sahu na biyu, ka kuma riƙe hannun wanda kuka zo tare.