Jijjigar Inji Bayan Sauya Giyar Tsohuwar Mota

A garejojin Farin Gada da ke Jos, inda tsofaffin Marsandi da Fijo suke shan gyara har yau, akan cire giyar otomatik a sa ta hannu, saboda ta fi sauƙin gyara, kuma ko batir ya mutu ana iya tura motar ta tashi. Sai dai aikin ya wuce musanya akwatin giya, domin dole ne a cire siririn faifan da ke bayan injin a ɗaura filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da kuloci ke kamawa, wanda yake daidaita juyin karanshaf, sandar da fistin ke juyawa.

Injuna iri biyu ne ta wannan fuska. A wasu, karanshaf yana da daidaiton nauyinsa shi kaɗai, saboda haka filawil ɗinsu bai rinjayi kowane gefe ba. A wasu kuwa, masana'anta ta auna karanshaf tare da faifansa, ta huda ramuka ko ta ƙara nauyi a gefe guda, ta yadda faifan ya zama abokin wannan injin. Tsohon injin dizal na Marsandi mai silinda biyar, OM617, yana buƙatar wannan kulawa, haka ma Ford 302 na Amurka, wanda aka sauya ma'aunin nauyin faifansa a 1981, har ya zama faifan da ya dace da ramukan noti yana iya saɓa wa injin.

Ƙarfin fizgar da rashin daidaito ke haifarwa yana ninkawa huɗu duk lokacin da gudun inji ya ninka biyu, shi ya sa motar da ke lafiya a tsaye take karkarwa idan aka taka ta a hawan hanyar Zariya. Abin takaici shi ne sau da yawa akan ɗora laifin a kan robar da ke riƙe da inji, a yi ta canza ta, alhali metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai na cinyewa, mai na yoyo ta baya.

Bakaniken da ya san aikinsa yakan yi alama a kan tsohon faifan da karanshaf kafin ya kwance noti ko ɗaya, kuma ba ya sayar da faifan ga 'yan gwangwan, domin da shi za a gwada sabon filawil a wurin masu awon ƙarfe, a rage nauyi har rinjayensu ya zo ɗaya, sannan a ɗaura shi daidai kan alamar.