Gugguru da Man Kwakwa a Tukunyar Lantarki

A cikin masu sana'ar kayan ƙwalama, babu wanda hajarsa ke kumbura a hannunsa kamar mai gugguru. Rabin kofi na tsaba zai zuba a tukunya, kafin minti biyar ya juye abin da zai cika babban kwano har da tozo. Masarar gugguru mai kyau takan ninka girmanta sau talatin zuwa arba'in idan ta fashe, kuma ribar sana'ar duk a wannan kumburi take. Ƙwayar da ta ƙi fashewa kuɗi ne ya kwanta a gindin tukunya, wadda ta ƙone kuwa ta ja wa 'yan uwanta ƙauri.

Mun fi sanin mai gugguru a bakin titi da almuru, da akwatinsa na gilashi, ƙwan lantarki na haska tulin fari a ciki, ƙaramar tukunya na rataye daga sama, tulun gas a ƙasa. Kafin zuwan akwatin akwai tsohuwar hanya ta kasko da rairayi mai zafi, irin yadda ake suyar gyaɗa, a fasa masara ko dawa sannan a tankaɗe. Yanzu kuma sana'ar ta shiga ɗakin girki. Matan aure da ɗalibai suna yin gugguru a gida, suna ɗaurawa a leda ko su zuba a roba mai murfi, a kai makarantar yara, ko kantin unguwa, ko wurin suna da walima. Daga cikinsu akwai masu aiki da tukunyar lantarki mai riƙe tururi, wadda aka saya domin dafa wake da ganda, sai ga shi ta samu aiki na biyu.

Ruwan da ke cikin ƙwaya

Ba kowace masara ke yin gugguru ba. Wadda muke tuwo da ita, ko wadda ake gasawa da damina, ɓawonta yana barin tururi ya sulale, saboda haka sai dai ta tsage ko ta ƙone. Masarar gugguru iri ce daban: ƙanana ce, mai sheƙi, ɓawonta da tauri, cikinta cike da sitaci mai ƙarfi da ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Idan zafi ya ratsa ta, ruwan nan ya nemi fita ya rasa hanya, sai ya dafa sitacin daga ciki har ya yi laushi. Matsi yana ta hauhawa har ya kai wajen ninki tara na iskar da ke kewaye da mu. A wajen digiri 180 na ma'aunin Selshiyas ɓawon yake sarewa, tururi ya fita da ƙara, sitacin ya kumbura ya sandare nan take. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙwayar da ta bushe ƙarau ba za ta tashi ba, ko da wace irin wuta aka ba ta.

Wasu masana biyu a Faransa sun gwada wannan a 2015. A digiri 170, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin ne kawai suka fashe. Da aka kai 180, sai da kashi 96 cikin ɗari suka tashi. Tazarar digiri goma kacal ke tsakanin ciniki da asara, kuma wannan ne abin da mai aiki da tukunyar lantarki ya kamata ya riƙe.

Asalin masarar daga kudancin Meziko ne, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma a gaɓar tekun Peru an tono ragowar masara mai shekara kusan 6,700 da ke nuna tun a lokacin ana fasa ta. Mayar da abin sana'ar titi kuwa aikin Amurkawa ne. Charles Cretors ya kafa kamfaninsa a 1885, a 1893 kuma ya kai keken gugguru mai aiki da tururi babban baje kolin duniya na Chicago, injin da ke fasa masara a cikin mai. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ƙunshin gugguru na santi 5 ko 10 yana cikin 'yan abubuwan da talaka ke iya saye, a nan ne gidajen silima suka rungume shi. Akwatin gilashin da masu walda ke ƙerawa a garuruwanmu jikan wancan keke ne.

Tukunyar da ba a rufe ta ruf

Mutum zai zaci tunda matsi ke fasa masara, tukunya mai riƙe tururi ce ta fi dacewa da aikin. Ba haka ba ne. Idan aka kulle murfinta, zafin cikinta ba ya wuce digiri 120, wanda ya isa ya narkar da ƙashin miya amma bai kai inda masara ke fashewa ba. Ga kuma tururin da zai jiƙa komai. Ita ƙwayar ce ke riƙe nata matsin. Abin da take nema daga waje zafi ne busasshe, mai shiga da sauri.

Saboda haka murfin ƙarfe mai roba ajiye shi ake yi gefe. Irin waɗannan tukwane, kamar Instant Pot da aka fara sayarwa a 2010 daga Kanada da sauran masu kama da ita, suna da maɓallin suya, wanda ke zafafa gindin tukunya a buɗe. Shi ake dannawa, a kai shi matakin ƙarshe, a jira har tukunya ta nuna ta yi zafi. Daga nan a zuba man kwakwa babban cokali biyu zuwa uku, a jefa ƙwaya uku a ciki. In sun fashe, mai ya yi. Sai a juye rabin kofi na tsaba, a juya da cokalin katako har kowace ƙwaya ta sha mai ta kwanta a shimfiɗe, kada wata ta hau wata. A rufe da murfin gilashi mai ɗan huji, ko a ɗan karkata shi yadda tururi zai samu hanya.

Sauran aikin na kunne ne. Da fari ɗaya-ɗaya za a ji, sai ƙarar ta haɗe ta rikice, sannan ta fara ja da baya. Idan aka ƙirga ɗaya, biyu, uku tsakanin fashewa da fashewa, a kashe, a ciro tukunyar ciki da tsumma, a juye a faranti mai faɗi. Wanda ya tsaya jiran ƙwayar ƙarshe zai ƙona na ƙasa.

Tukunyar tana da halinta. Tana da na'urar da ke yanke wuta idan gindi ya kai wani zafi, ta sake kunnawa idan ya sauka. Wannan yana rage ƙuna, amma shi ne kuma ke sa a tarar da ragowar ƙwayoyi fiye da na tukunyar gas, musamman in an cika tsaba ko an zuba kafin mai ya yi zafi. Masara mai yawa tana sanyaya mai, zafi ya riƙa shigarta a hankali, ruwanta ya tsiyaye ta ƙasan ƙwaya kafin matsi ya taru. Gara a yi zubi huɗu ƙanana da a yi biyu manya.

Me ya sa man kwakwa?

Masu gidajen silima na Amurka sun daɗe da zaɓar man kwakwa, kuma suna da dalili. Mafi yawan kitsensa, fiye da kashi 80 cikin ɗari, irin mai daskarewa ne, wanda ba ya saurin lalacewa. Ga mai ɗaura gugguru ya kwana biyu ko uku a kanti, wannan babban abu ne, domin mai ne ke fara canza wari. Yana kuma barin gugguru garas-garas ba tare da ya yi naso a leda ba. A ƙasa da digiri 24 yake daskarewa, shi ya sa da hunturu a Kano ko Jos ko Zinder za ka ga kwalbarsa ta yi fari ƙiƙam. Ba lalacewa ya yi ba. A sa kwalbar cikin ruwan ɗumi zai narke.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka tatsa daga ɗanyar kwakwa ba a tace shi a masana'anta ba, mai ƙamshi sosai, amma yana fara hayaƙi a wajen digiri 177, wato dab da inda masara ke fashewa. Akwai kuma tatacce, marar ƙamshi, mai jure zafi sama da digiri 200. Mai lura yakan soya da tataccen, in ya juye sai ya yaryaɗa ɗan cokali na mai ƙamshin a kai. Filifin da Indunusiya ne ke kan gaba wajen samar da shi a duniya. A nan kusa kuwa kwakwa ta fi yawa a Badagry ta jihar Legas da gaɓar tekun yammacin Ghana, don haka duk kwalbar da ta iso Arewa ta sha hanya, kuma kuɗin motarta na cikin farashinta.

Akwai magana a kansa ta fuskar lafiya. A 1994 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka ta fitar da rahoto kan yawan kitse mai daskarewa a guggurun silima, har gidajen silima da dama suka sauya mai. A 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta sake jan kunne cewa man kwakwa yana ƙara kitsen jini marar kyau. Ita masarar ba ta da laifi, hatsi ce da dusarta. Abin da ake ɗora mata ne abin dubawa. Mai sana'a na gari yana auna mai da cokali, ba ya kwarara shi daga kwalba, kuma idan mai saye ya ce likita ya hana shi, man gyaɗa yana yin aikin tsaf, ga shi a gida.

Sukari, madara da yanayi

Bakin mutanenmu ya saba da gugguru mai zaƙi. "Mai gugguru, ba ni na ɗari biyu, mai madara," shi ne abin da aka fi ji. A injin bakin titi akwai sandar da ke juya tsaba, don haka ana zuba sukari tare da masara. Tukunyar lantarki ba ta da wannan, kuma ba a girgiza ta. Sukari yana fara yin ja tun daga wajen digiri 160, kafin masara ta tashi ya riga ya zama baƙin ƙanzo. Mafita ita ce a raba aikin. Ko dai a niƙa sukari ya yi laushi, a haɗa da madarar gari da ɗan gishiri, a barbaɗa tun gugguru na da zafi, ko kuma a narka sukari da bota daban, a kwarara a kai ana juyawa, a baza ya sha iska. Don irin wannan shafi, masara mai fashewa dunƙule-dunƙule ta fi mai fashewa da fukafukai, domin ba ta karyewa wajen juyi.

Yanayi ma abokin lissafi ne. Da hunturu iska tana tsotse ruwan tsabar da aka bari a buɗe, sai a ga tana fashewa rabi-rabi. Maganinta a zuba kamar kofi uku a kwalba, a sa babban cokali guda na ruwa, a rufe, a riƙa girgizawa na 'yan kwanaki. Da damina kuma fasasshen ne ke shan laima ya yi sanyi a baki. A kowane lokaci, ba a ɗaure gugguru da ɗuminsa. Sai ya huce sarai, sannan a like bakin ledar ruf. Mai kai wa makaranta kuma ya tankaɗe ƙwayoyin da ba su fashe ba, ya kuma sani likitocin yara suna hana ba wa ɗan ƙasa da shekara huɗu gugguru saboda shaƙewa.

Lissafin jari

Tukunya mai cin lita shida tana jan wuta kusan wat 1,000, abin da ƙaramin janareto ko sola ta gida ba lallai su ɗauka ba. Tun daga Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar wasu unguwanni a Najeriya, mai mita ya san abin da kowane zubi ke ci masa, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar suya, wannan zubin ya tafi. Mai sayen tukunya ta hannu kuma ya duba gindinta: wadda aka yi don Amurka ta wuta mai volt 120 ce, tamu kuwa 230, in aka jona ta kai tsaye ƙonewa za ta yi.

Ga wadda take da tukunyar a gida, jarin farawa bai wuce mudun tsaba, da kwalbar mai, da sukari, da leda ba, kuma ba hayaƙi, ba fita titi. Zubi guda yana ba da abin da bai kai lita huɗu ba, wanda ya isa kanti ɗaya ko biyu da 'yan odar unguwa. Ranar da aka ce ana son leda ɗari uku na biki kafin la'asar, tukunyar ta kai iyakarta, lokaci ya yi da za a je wurin mai walda a yi cinikin injin gas. Mai son kayanta su hau kantar manyan shaguna da suna a jiki kuma sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC. Kafin a kai can, a sayi tsaba kaɗan a gwada tukuna: a ƙirga ƙwaya ɗari a fasa, in fiye da goma suka ƙi tashi, a nemi wani mai sayarwa.